Ƙafar Auduga

Tifar ta shigo garejina da hantsi, kuma tun kafin in ɗaga kai na san ita ce. Akwai wani ƙwas da take yi idan an saka giya, sai kuma rawar da ke kama jikinta har murfin baya ya riƙa kaɗawa. Karo na uku ke nan cikin wata biyu. Ina zaune a kan tsohuwar taya ina wanke boris ɗin wata mota a kwano, bayana yana min ciwon nan nasa na kullum, na ce a raina yau ma babu hutu.

Direban ya kashe injin, ya sauko a hankali. Baba Auduga ake ce masa, kuma ƙafarsa ce ta jawo masa sunan. Shekara talatin da ɗoriya yana jan manyan motoci, direbobi kan ce in ya saki kuloci, ko kofin shayi ka ajiye a gaban motar ba zai zube ba. Tifar ba tasa ba ce. Ta wani mai motoci ce da ke da guda biyar, duk suna ɗauko tsakuwa daga wurin fasa dutse, kuma duk ni nake gyara su.

"Injiniya, na sake kawo maka ita," in ji shi.

"Ai tun daga kwana ta gaishe ni, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya je ya zauna a kan bencin da ke inuwa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ga wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, akwai wani dogon ƙarfe mai kama da bututu da ke ɗauko ƙarfin injin daga giyabos ya kai wa tayoyin baya. Shi muke kira furofela. A kowane ƙarshensa akwai ɗan ƙarfe mai hannu huɗu, kuros, wanda ke ba shi damar lanƙwasawa idan mota ta faɗa rami. Kuros mai kyau, in dai yana shan giris, yakan yi shekaru. Wannan tifar ta cinye biyu a wata biyu, ga shi tana kan na uku.

Da na farko ya lalace, na ce kayan zamani ne, ba su da ƙarko. Na canza shago, na sayo mai kyau da hannuna, shi ma bai yi wata guda ba. To mu masu gyara muna da wata ɗabi'a: laifi ko dai na kaya ne ko na direba, ba mu cika neman na uku ba. Sai na dubi dattijon nan a gaban mutane na ce, "Baba, ka riƙa sakin kuloci a hankali in kana da lodi." Haka kuma na faɗa wa mai motocin da ya tambaye ni.

Ban ma kai ga ɗauko sifana ba wayata ta yi ƙara. Mai motocin ne.

"Ta iso?"

"Ta iso, Alhaji."

"Zan zo bayan la'asar. Ka duba min ita da kyau. In ƙafarsa ce kuma, yau zan karɓi makullina. Ƙanin matata na nan zaune ba aiki, kuma yana da lasisi."

Na ce to. Na kalli benci, Baba Auduga yana kallon ƙasa. Ban san ko ya ji ba, amma wayar tawa ba ta iya sirri, kowa a layin ya san haka.

Na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashi. Shiga ba ta da wuya, fitowa ce ke sa ni tuna shekaruna. Na kama furofela da hannu biyu na girgiza, sai kuros ɗin baya ya amsa, ƙwas-ƙwas. Ga jan garin tsatsa ya zagaye kofunan da ke rufe hannuwansa huɗu, alamar ƙananan ƙarafan ciki masu kama da allura sun niƙe. Wannan ba labari ba ne. Abin da nake nema shi ne mai kashe shi, don na gaji da binne kuros a motar nan.

Na bi komai ɗaya bayan ɗaya. Robar da giyabos ke zaune a kai ba ta tsage ba. Kusoshin sifirin a ɗaure suke tamau, aksul bai goce ba. Na kwance notin man aksul na tsoma yatsa, na fito da shi na murza a haske, babu garin ƙarfe. Boris ɗin tsakiya da ke riƙe da furofela lafiyarsa ƙalau, ni na sa shi sabo wata uku da suka wuce. Na kwanta ina kallon cikin motar, ƙasa na zubo min a ido, na rasa abin da ya rage in duba.

Sau biyun da suka wuce, ƙarshen baya kawai na kwance na canza kuros a nan ƙarƙashi, saboda furofelar tifa ba abin da mai ciwon baya zai so ɗagawa ba ne. Yau na ce bari in sauke shi gaba ɗaya, ko ya lanƙwashe ne. Na leƙo na kira maƙwabcina mai walda.

"Mai walda, zo ka ara min bayanka."

"Naka fa?"

"Nawa ya yi ritaya, ni ne bai sanar wa ba."

Ya zo yana mita, muka sauke ƙarfen muka jawo shi waje, muka shimfiɗe a kan siminti. Mai walda ya tsaya yana haki, ya riƙe ƙugu, ya ɗan karkata kai yana kallonsa.

"Injiniya, wannan ƙarfen naka kamar mai ciwon wuya. Gaba na kallon nan, baya na kallon can."

Ya faɗa ne don wasa, ya koma kan aikinsa. Ni kuwa na tsugunna na sake kallon ƙarfen. A kowane ƙarshen furofela akwai kunnuwa biyu da ke riƙe kuros, kuma dole na gaba da na baya su tsaya a layi ɗaya. Na gaba sun kwanta daidai a kan siminti. Na baya sun karkace, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. In suka saɓa haka, ƙarfen ba ya juyawa salin-alin, fizga yake yi, ya yi sauri ya yi jinkiri a kowane zagaye, kuma kuros ne ke shan dukan. Ko mala'ika ne ke tuƙi, sai ya cinye shi.

Furofela biyu ne a haɗe, ɗaya na shiga cikin ɗaya da haƙora. Babu ramin da zai sa ya tsallake haƙori, babu ƙafar direban da za ta juya shi. Sai dai in wani ya raba shi ya mayar ba daidai ba, kuma mutum ɗaya ne ya raba shi, ranar da aka canza boris ɗin tsakiya.

Na tuna ranar sarai. Ƙa'idar aikin ita ce kafin ka raba, ka yi alama a ɓangarorin biyu. Maigidan da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, da guduma da ƙusa yake huda alamar, kuma mun sha ranƙwashi a kanta. Ni na daɗe da komawa alli, ya fi sauƙi. Ran nan na ja layi da alli, na raba, na wanke ƙarfen da kananzir, layin ya tafi da dattin. Motoci uku na jira, bayana ya riƙe. Na haɗa shi a kwance, na duba da ido ɗaya na ce ya yi. Ashe haƙori biyu na tsallake.

Kunya ce ta fara kama ni, sai tsoro ya biyo baya. Na ɗauko tsumma na rufe ƙarshen ƙarfen, kamar wani zai gane. Na ce wa Baba Auduga ya je ya ci abinci, aikin zai kai la'asar. Ya ce ba ya jin yunwa. Ni dai na wanke hannu na tafi gida, don gidan ba nisa, kuma ba na son zama kusa da bencin nan.

Na tarar da matata a tsakar gida tana ɗinke aljihun rigar makarantar autarmu. Ta kawo min abinci, na zauna ina juya cokali. Shekara ashirin da shida muna tare, ba ta buƙatar a yi mata bayani.

"Baban yara, wa ya mutu?"

Na faɗa mata komai, har da allin. Ba ta san furofela ba, amma ta san Baba Auduga, don shi ya kwaso mana kaya kyauta lokacin da muka tashi daga tsohon gida.

"To yanzu in ka gyara ka yi shiru fa?" ta tambaya, ba ta ɗago daga ɗinkin ba.

"Motar za ta warke."

"A hannun wa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta cije zaren da haƙori ta tsinke.

"A hannun ƙanin matar Alhaji. Motar ta yi shekara ba ta zo gareji ba, kowa ya ce ka gani, ashe dai tsohon ne. Ko shi kansa haka zai ce."

"In na faɗa kuma, Alhaji zai iya kwashe motocinsa biyar. Kin san su ne garejin."

"Na sani," in ji ta. "Ni ba zan ce maka komai ba. Ci abincinka, ya huce."

Haka take yi. Sai ta gama faɗar komai sannan ta ce ba za ta ce komai ba. Na ci loma uku na tashi. A hanya ina ta lissafin yadda zan faɗi magana mai fuska biyu, in ce ƙarfen ne ya ɗan goce, ba laifin kowa ba. Amma Alhaji ba yaro ba ne, zai tambaya wa ya gotar da shi.

Na koma na fara aiki, don aiki ya fi tunani sauƙi. Na zare ɓangarorin biyu, na wanke haƙoran, na juya na mayar, kunnuwa huɗu suka kwanta a kan siminti kamar an auna. Na ja zare daga gaba zuwa baya don in tabbatar, tunda idona ya riga ya ci amanata sau ɗaya. Sannan na ɗauko guduma da ƙusa na huda alama biyu masu zurfi. Na fitar da mataccen kuros, na sa sabo, na ɗura giris har ya ɓullo ta kofuna huɗun.

Ina cikin goge hannu sai na ga inuwa a kaina. Baba Auduga ne ya taso, ya tsugunna kusa da ni da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara.

"Injiniya, kar ka wahalar da kanka wajen neman abin da za ka faɗa wa Alhaji. Ni zan miƙa masa makullin da hannuna."

"Baba..."

"Bari in gama. Tun ranar da ka yi min maganar nan nake lura da ƙafar. Da safe nakan zauna a bakin gado in riƙa danna ƙasa ina saki, ina dubawa ko tana rawa. Ban ga komai ba, amma ai mutum ba ya jin tsufansa, sai an faɗa masa. A hawan nan na wurin dutse har gumi nake yi kafin in saki kuloci. Jiya ta mutu min sau biyu a hawan, abin da ban yi ba tun ina koyo. Yaran da ke lodi suka yi ta dariya." Ya shafa gemunsa. "Kai ka san ƙarfe. In ka ce ƙafata ce, to ita ce."

Ga ƙofa a buɗe, shi da kansa ya buɗe min. Ba sai na yi ƙarya ba ma, shiru kawai zan yi. Kuma ba zan ɓoye ba, na yi shirun na ɗan lokaci, har na ji mai walda ya kunna injinsa ya kashe. Na gaji, na so a ce ranar ta wuce haka nan.

"Baba, ba ƙafarka ba ce," na ce. "Ni ne."

Na nuna masa kunnuwan, na juya hannuwana na kwatanta masa yadda suke a da. Na faɗa masa zancen alli da kananzir. Direba ne na gaske, kafin in gama ya gane. Ya sa hannu ya shafa alamar da na huda, ya daɗe yana kallonta.

"Tun ranar boris ɗin tsakiya," in ji shi.

"Tun ranar."

"Na ce maka tana rawa da na fita da ita."

"Ka faɗa. Na ce maka taya ce."

Na jira ya zage ni, da ya fi min sauƙi. Bai yi ba. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ba don lallashi ba, don gwiwarsa ce ba ta tashi ita kaɗai.

"Wata guda ina jin tsoron ƙafata," ya ce, ya koma benci.

Ni da mai walda muka mayar da furofela, na ɗaure kusoshin, na sake bin su ɗaya-ɗaya. Ana idar da la'asar motar Alhaji ta tsaya a bakin gareji. Ba shi kaɗai ya zo ba. Wani mutum ya fito ta ɗaya ƙofar, ƙaƙƙarfa, da sabon takalmi, yana kallon tifar yadda ake kallon abin da aka riga aka ba ka. Tun daga nan na gane ƙanin matarsa ne.

Na tari Alhaji kafin ya ƙaraso, na faɗa masa a gaban kowa, tunda a gaban kowa na yi wa dattijon magana. Ban rage komai ba. Na ce kuros uku da suka lalace aikina ne, Baba Auduga ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma abin da na faɗa masa a waya wancan karon kuskure ne.

Alhaji ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma da ganinsa a gajiye yake.

"Injiniya, da wannan maganar ka yi min wata guda da ya wuce."

"Ban sani ba a lokacin, Alhaji."

"Amma ka ce min ka sani." Ya mayar da tabaraunsa. "Da bakinka ka ce ƙafarsa ce. A kan maganarka na yi wa mutanen gida alkawari. Matata ta faɗa wa mahaifiyarta, ƙanin nata kuma ga shi ya bar inda yake ɗan taɓa aiki ya taho. Yanzu in koma in ce musu me?"

"Da safe ka ce in ƙafarsa ce za ka karɓa."

"Na faɗa ne don na tabbata abin da za ka ce ke nan." Ya juya wajen benci. "Baba, ka yi haƙuri. In wata mota ta samu, kai zan fara nema."

Duk wanda ke wurin ya san dattijo mai shekara sittin da wani abu ba a nemansa. Baba Auduga ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Game da sauran motocin kuwa, Alhaji ya ce min sai ya yi tunani, kuma a lokacin ban ma damu ba.

Mai sabon takalmi ya miƙo hannu don karɓar makulli. Na ce a'a, ba a gama aiki ba sai an gwada, kuma direban da ya kawo mota shi ke gwada ta, don shi ya san ciwonta. Wannan gaskiya ce, haka muke yi. Alhaji ya ɗaga kafaɗa.

Na hau gefen Baba Auduga. Ya gyara matashin da yake jingina da shi, ya tayar da injin, ya taka kuloci ya sa giya. Babu ƙwas. Na ga ƙafarsa ta tsaya a kan kuloci ta ƙi tashi, sai da ya ja numfashi sannan ya saki. Ban san lokacin da motar ta fara tafiya ba, sai dai na ga katangar gareji tana wucewa.

Muka hau babban titi. Ya sa ta biyu, ta uku, ta huɗu, ya kai ta daidai gudun da take fara rawa, ya riƙe ta a nan. Madubin gefe tsaye yake cak, ina ganin motocin baya tar. Ya sauka daga kwalta ya bi wata hanya mai ramuka, ya nemi hawa ya tsaya a tsakiyarsa da gangan, ya sake tashi. Tifar ta haye ba ko tari. Ya sake tsayawa, ya sake tashi, har sau uku. Ban ce masa lokaci na tafiya ba.

Da muka dawo ya ajiye ta daidai inda ya ɗauke ta, ya kashe injin, hannunsa na kan giya.

"Injiniya, ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Baba."

"Ni ma." Ya kalli ƙafarsa. "Ashe lafiyarta ƙalau."

Ya zaro makullin. Ya ɗauki matashinsa, ya laluba bayan kujera ya ciro buta da ɗan bargo da wani tsohon tawul, ya naɗe su wuri ɗaya. Ya sauka ya miƙa wa Alhaji makullin da hannu biyu, ya yi wa mai walda sallama, ya yi min. Na ce ya yafe min, ya ce ya yafe, ya kama hanya da ƙunshinsa a hammata.

Ƙanin matar ya haye, ya ja kujera baya, ya ba ta wuta kamar zai tashi sama. Ya saki kuloci gaba ɗaya, tifar ta yi tsalle har murfin baya ya buga. Na kasa kunne ina jiran ƙwas, kuma Allah ya sani na so in ji shi. Ban ji ba. Aikin da na yi yau mai kyau ne, zai daɗe yana ɗaukar wannan dukan, kuma ban taɓa jin baƙin cikin gyara mai kyau ba sai ranar.